Zoɓo, Riɗi da Daɓen Jijiya: Me Tsirrai Ke Iya Yi wa Wanda Aka Yi wa Gashin Daji?

Gabatarwa

Idan kaka ta yi a arewacin Jihar Jigawa, gonakin Sule Tankarkar da Gagarawa da Gumel da Maigatari sukan fitar da amfani iri biyu da ake nema har ƙasashen waje, wato zoɓo da riɗi. Fatake ke tara su buhu-buhu daga kasuwannin ƙauye, musamman kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis, a loda su a manyan motoci zuwa Kano da Legas. Daga can jiragen ruwa ke kai zoɓon Meziko, riɗin kuwa Japan da Sin da Turkiyya. Wannan sanin kowa ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan tsirrai biyu, tare da zogale da kurkum da manja, suna cikin abubuwan da masana ke bincika a ɗakunan gwaji, don gano ko sinadaran da ke cikinsu za su rage wata illa da gashin ciwon daji ke yi wa jijiyoyin jini.

Maganar ta shafi gidaje da yawa. Duk gidan da aka taɓa jinyar mai ciwon daji sun san yadda 'yan dubiya ke zuwa, kowa da ƙullinsa: wannan garin zogale, wancan habbatus sauda da zuma, wani kuma kwalbar bitamin da ya sayo da tsada a birni. Da kyakkyawar niyya ake kawo su. To, shin suna taimako, ko suna cutarwa, ko kuwa ba su yin kome? Kafin a amsa, dole a san abu uku: mene ne gashi, me yake yi wa jijiya, kuma ta yaya ake tabbatar da cewa magani yana aiki.

Gashin da Babu Wuta

Sunan da Hausawa suka laƙaba wa wannan magani yakan tsorata mutane, domin da an ce gashi sai a tuna garwashi. Alhali babu wuta a cikinsa, majiyyaci ba ya jin zafi ko ɗumi a lokacin da na'ura ke aiki. Wani irin haske ne mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano shi a watan Nuwamba na 1895, kuma ba a daɗe ba likitoci suka fara haska shi a kan ƙari. A yau na'ura iri biyu aka fi amfani da su: mai ɗauke da ƙarfen kobal-60, da kuma linak, wadda ke samar da hasken daga wutar lantarki. Wanda aka yi wa gashi da waɗannan na'urori ba ya ɗauke da hasken a jikinsa idan ya fito, don haka babu dalilin ƙyamarsa ko raba masa kwano.

Ana auna yawan hasken da jiki ya sha da wani ma'auni da ake kira gire, daga sunan masanin Ingila Louis Harold Gray. Ba a bayar da shi gaba ɗaya. Mai sankarar mama, alal misali, za a iya ba ta gire 50 a zama 25 cikin mako biyar, ko gire 40 a zama 15 cikin mako uku. Mai ciwon dajin maƙogwaro kuwa yakan sha gire 70 cikin mako bakwai.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum 124,815 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, 78,899 kuma suka mutu. Kimanin rabin masu wannan ciwo suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Daga cikin wuraren da aka tanada domin haka a Arewa akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da cibiyar da aka gina a Giginyu ta Kano, da sabuwar cibiyar da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a watan Yuli na 2025. Jamhuriyar Nijar ta buɗe tata ta farko a Yamai a 2021. Mutumin Sule Tankarkar da aka tura Zariya zai yi tafiyar fiye da kilomita 250, ya kama wurin kwana na makonni, wataƙila bayan ya sayar da dabba ko amfanin gona. Wanda ya sha wannan ɗawainiya bai kamata ƙullin magani guda ya ɓata masa aikin ba.

Yadda Hasken Ke Aiki

Jikin ɗan'adam an gina shi ne da ƙananan tubala da ake kira ƙwayoyin halitta, kuma mafi yawan abin da ke cikin kowace ƙwaya ruwa ne. Idan hasken gashi ya ratsa ƙwayar, sai ya farfasa wannan ruwa, ya fitar da wasu gutsattsarin sinadari masu saurin ɓarna, waɗanda za a iya kira tartsatsi. Tartsatsin ba ya daɗewa ko ƙiftawar ido, amma kafin ya mutu yakan tsinka zaren DNA, wato zaren da ke ɗauke da umarnin rayuwar ƙwayar. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi biyu cikin uku na ɓarnar da hasken ke yi ta hannun wannan tartsatsi take faruwa. A 1953 Gray da abokan aikinsa suka nuna cewa iskar oksijin tana ƙara wa ɓarnar ƙarfi, har ta kusan ninka ta uku.

Ƙwayoyin daji suna saurin hayayyafa, kuma yawancinsu ba su iya gyara zarensu da kyau, saboda haka su suka fi mutuwa. Lafiyayyun ƙwayoyi kuwa sukan yi gyara tsakanin zaman yau da na gobe. Hikimar rarraba gashin ke nan. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za a komo kansa: tartsatsi shi ne makamin da ake kashe daji da shi.

Daɓen Jijiya

Kowace jijiyar jini, tun daga babbar da ta fito daga zuciya har zuwa 'yan mitsi-mitsin da suka fi silin gashi siranta sau da yawa, an shafe cikinta da shimfiɗa guda ta ƙwayoyin halitta. Masana suna kiranta endotiliyam. Kamar daɓen ɗaki take, sumul, jini na gudu a kanta ba ya tuntuɓe. A da an ɗauka iyakar aikinta ke nan. Sai a 1980 Robert Furchgott da John Zawadzki suka nuna a Amurka cewa idan aka kankare wannan daɓe, jijiya ba ta saki yadda ta saba. Daga baya aka gano cewa daɓen yana fitar da wata iska mai suna nitirik oksaid, ita ke sa jijiya ta buɗe. A kan wannan bincike aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998.

Yanzu an san daɓen jijiya yana da manyan ayyuka huɗu. Yana hana jini daskarewa a cikin jijiya. Yana tsaron ƙofa, ya bar abinci da iska su fita zuwa nama, ya tsare abin da bai kamata ya fita ba. Yana buɗe jijiya ko ya tsuke ta gwargwadon buƙata. Sannan shi ke kiran fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun jiki, idan an sami rauni ko cuta. Tun da kusan kowane nama yana da jijiya, duk inda hasken gashi ya bi sai ya taɓa wannan daɓe.

Kumburin da Ya Ƙi Lafawa

A kwanakin farko wasu ƙwayoyin daɓen sukan mutu, su bar ɓaraka, ruwa ya tsiyaya cikin nama, wurin ya kumbura, fata ta yi ja ko ta yi duhu. Waɗanda suka tsira kuma sai su buga ƙararrawa. Ƙararrawar wani sinadari ce a cikin ƙwayar mai suna NF-kB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a 1986. Da ta kaɗa, sai daɓen da yake sumul ya fitar da 'yan ƙayoyi a bayansa, irin su ICAM-1 da VCAM-1. Duk wanda ya taɓa ratsa saura da kaka ya san yadda ƙarangiya ke kama wando. Haka fararen ƙwayoyin jini ke maƙalewa a jikin waɗannan ƙayoyi, su kutsa cikin bangon jijiya, su zuba sinadaran yaƙi. Wannan shi ne kumburi.

Kumburi a kansa ba cuta ba ne, da shi jiki ke warkar da rauni. Idan ƙaya ta soki mutum, wurin ya kumbura, bayan kwanaki sai ya sace. Matsalar gashi ita ce, a wasu mutane ƙararrawar ba ta yin shiru. A 2010 Martin Halle da abokan aikinsa na Cibiyar Karolinska da ke Suwidin suka kwatanta jijiyoyin wuyan da aka yi wa gashi da lafiyayyun jijiyoyi daga wani sashe na jikin majiyyatan, a lokacin da ake yi musu tiyata. Sun tarar da NF-kB tana nan a kunne a jijiyoyin da suka sha haske, har shekaru bayan an gama gashin.

Idan aka daɗe a haka, ƙananan jijiyoyi sukan toshe su ɓace, nama ya rasa isasshen jini, ya yi tauri kamar tabo. Shi ya sa wasu matan da aka yi wa gashin bakin mahaifa kan ga jini a fitsari ko bayan gida bayan watanni ko shekaru, wasu kuma fatar wurin ta ƙandare. Manyan jijiyoyi kuwa sukan tara kitse a bango su tsuke. A 2013 Sarah Darby ta Jami'ar Oksfod da abokan aikinta suka bi diddigin mata 2,168 na Suwidin da Denmak da aka yi wa gashin mama tsakanin 1958 da 2001. Sun gano cewa kowane gire guda da zuciya ta sha yana ƙara haɗarin babban ciwon zuciya da kashi 7.4 cikin 100 na haɗarin da mace ke da shi tun asali, kuma ƙarin yana farawa cikin shekaru biyar na farko, ya ci gaba fiye da shekara ashirin.

Kada wannan ya sa a guji gashi. Bisa lissafin masu binciken, mace 'yar shekara 50 mai lafiyar zuciya, idan zuciyarta ta sha gire 3, haɗarin ta mutu da ciwon zuciya kafin ta kai 80 zai tashi ne daga kashi 1.9 zuwa kashi 2.4 cikin 100. A ɗaya ɓangaren kuma, wani nazari na 2011 da ya haɗa mata 10,801 ya nuna cewa gashi bayan an cire ƙarin mama ya rage dawowar cutar cikin shekara goma daga kashi 35 zuwa kimanin kashi 19 cikin 100. Amfanin ya rinjayi illar ƙwarai. Abin da ake nema shi ne a ƙara rage illar, a nan ne kuma tsirrai suka shigo.

Abin da Ke Cikin Tsirrai

Tsiro ba ya iya gudu daga rana ko ƙwaro, saboda haka yake haɗa sinadaran kare kansa. Da yawa daga cikinsu suna yin ɗaya daga abu uku idan suka haɗu da ƙwayar jikin mutum: su kashe tartsatsi, ko su danne ƙararrawar NF-kB, ko su tayar da wani sinadari mai suna Nrf2, wanda ke sa ƙwayar ta ƙera garkuwarta da kanta. Don a gwada su, ana buƙatar daɓen jijiya a wajen jiki. A 1973 Eric Jaffe da abokan aikinsa a birnin New York suka nuna yadda za a samo ƙwayoyin daɓen daga jijiyar cibiyar jariri bayan an yanke ta, a rene su a faranti. Har yau su aka fi amfani da su: a haska su, a zuba musu sinadari, a ƙidaya fararen ƙwayoyin da suka maƙale.

Jan launin zoɓo daga wasu sinadarai yake da ake kira antosayanin, kuma suna kashe tartsatsi sosai a cikin kwalbar gwaji. A 2008 Oluwatosin Adaramoye da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan suka ba ɓeraye abin da aka tatsa daga wannan tsiro da kuma shuwaka, suka haska su, suka tarar da alamun lalacewar hanta sun ragu. Zoɓo yana taɓa jijiyoyin mutum ma: a wani gwaji na Jami'ar Tufts da ke Amurka a 2010, an raba mutum 65 gida biyu, waɗanda suka sha kofi uku kullum na mako shida sai lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7.

Riɗi yana da sisamin da sisamol, su ne ke sa mansa ya daɗe bai lalace ba. An ga suna rage fitowar ƙayar ICAM-1 a ƙwayoyin daɓe da aka rena a faranti, masu bincike a Indiya kuma sun ga sisamol yana kare ɓerayen da aka haska. Ganyen zogale yana da wani sinadari mai ɗan yaji da ke tayar da Nrf2, kuma a 2001 masana a garin Manipal na Indiya suka ruwaito cewa ruwansa ya rage lalacewar ɓargo a ɓerayen da suka sha haske. Kurkum yana da kurkumin, wanda ya yi suna wajen danne NF-kB. Manja kuwa yana da wani nau'in bitamin E mai suna tokotirayinol, wanda masana a Amurka suka ga yana kare jijiyoyi da hanjin ɓeraye daga illar haske.

Wanda ya karanta wannan jeri zai iya cewa ai magana ta ƙare, sai a dafa zoɓo a ba majiyyaci. Amma da sauran rina a kaba.

Kama da Wane Ba Ta Wane

Faranti ba ɓera ba ne, ɓera kuma ba mutum ba ne. A faranti ana zuba sinadarin ne kai tsaye a kan ƙwayoyin. A jikin mutum kuwa sai ya bi ta ciki da hanji da hanta, kuma kowannensu yana rage shi ko ya canza shi. Antosayanin da kurkumin duka kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke isa jini yadda aka sha su. Ɓerayen gwaji kuma galibi lafiyayyu ne, ana ba su sinadarin kafin a haska jikinsu gaba ɗaya sau guda, alhali majiyyaci yana da ƙari a jikinsa, kuma kaɗan-kaɗan ake haska sashe guda na makonni.

Labarin kurkumin ya isa darasi. A 2013 masu bincike na Jami'ar Rochester da ke Amurka suka gwada shi a kan mata 30 masu shan gashin mama. An ba wasu giram 6 na kurkumin kullum, wasu kuma aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta, ba tare da majiyyaciya ko likita sun san wadda aka ba wa ba. Fatar masu shan kurkumin ba ta saɓule kamar ta sauran ba. Aka yi murna. Sai aka maimaita gwajin da mata 686, aka fitar da sakamako a 2018: babu wani bambancin a zo a gani. Ƙaramin gwaji yana iya yin dace, babba ne ke fayyace gaskiya. Ɗalibi ma zai iya wannan lissafi: kurkumin bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin kurkum ba, don haka giram 6 yana buƙatar garin da ya kai giram 120 zuwa 300 a kullum. Babu miyar da za ta ɗauki wannan. Ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi da ake sayarwa a kwalba kuwa, an sami rahoton sun lalata hantar wasu mutane a Italiya a 2019.

Garkuwar da Ke Kare Abokin Gaba

Akwai abin da ya fi rashin amfani muni. An riga an ce tartsatsi ne makamin gashi. To, sinadarin da ke kashe tartsatsi bai san lafiyayyar ƙwaya ba, bai san ta daji ba. Idan ya kare daɓen jijiya, yana iya kare ƙarin ma.

An gwada wannan a lardin Kebek na Kanada. Isabelle Bairati da abokan aikinta sun ɗauki mutum 540 masu ciwon dajin baki da maƙogwaro tsakanin 1994 da 2000. Rabinsu an ba su bitamin E mai yawa kullum, tun daga ranar fara gashi har shekara uku bayansa, wasu daga cikinsu kuma an haɗa musu da bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa. Sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna cewa waɗanda aka haɗa wa sinadaran biyu sun sami sauƙin raɗaɗin gashi. Sai dai cutar ta fi dawowa a rukunin masu shan bitamin, rahoton 2006 kuma ya nuna sun fi mutuwa. Da aka sake duba bayanan a 2008, aka ga illar ta taru ne a kan waɗanda suka ci gaba da shan taba a lokacin gashin. Garin neman gira an rasa ido.

Wannan ba ya nufin tsirrai ba su da rabo a asibiti. Binkiristin da ake yi wa yara masu sankarar jini magani da shi daga wani furen Madagaska aka samo shi. Atimisinin na zazzaɓin cizon sauro daga wata ciyawar Sin Tu Youyou ta fitar da shi a 1972. Kolcisin, wanda ake samu daga wani fure mai dafi, gwaje-gwajen 2019 da 2020 sun nuna ɗan kaɗan daga cikinsa yana rage bugun zuciya ta hanyar kwantar da kumburin jijiya. A fagen gashi ma, Sylvie Delanian ta birnin Faris ta nuna a wani ƙaramin gwaji a 2003 cewa bitamin E haɗe da maganin pentoxifylline yana tausasa naman da ya ƙandare, amma bayan an daɗe da gama gashin, kuma ɗayansu shi kaɗai bai yi aiki ba. Ƙa'idojin ƙwararru na 2020 kuma sun ambaci zuma a cikin abubuwan da za su iya rage gyambon baki ga masu gashin kai da wuya. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, an san sinadarin, an san awonsa, an san lokacin ba da shi, an kuma gwada shi a kan mutane da adalci.

Abin da Majiyyaci da Danginsa Za Su Yi

Da farko, a bambanta abinci da magani. Miyar kuka da kwaɗon zogale da kantun riɗi da wake da kofin zoɓo abinci ne, kuma mai shan gashi yana buƙatar abinci mai gina jiki don kada ya rame ko jininsa ya yi ƙasa. Abin tsoro shi ne ƙwayoyin bitamin masu ƙarfi, da garin da ake sha cokali-cokali, da jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Na biyu, a gaya wa likita duk abin da ake sha, ba tare da kunya ko ɓoye-ɓoye ba. Ko abin sha na yau da kullum yana iya taɓa magani. Wani bincike a Sudan a 1994 ya nuna cewa shan kulorokwin da ruwan zoɓo ko tsamiya yana rage yawan maganin da ke isa jini. Mai shan maganin hawan jini kuma ya tuna zoɓo ma yana saukar da jini.

Na uku, kada a shafa wa fatar da ake haskawa man zafi ko sassaƙe ko toka, kada kuma a goge alamar da ma'aikata suka zana a jiki, domin da ita ake saita na'ura. Na huɗu, a bar taba da shisha. Na biyar, kada a tsallake zama ko guda sai da sanin likita. Bayan an gama kuma a riƙa awon jini da sukari, domin hawan jini da ciwon sukari suna ƙara wa daɓen da ya sha haske nauyi. Duk likitan da aka je wa daga baya, ko bayan shekara ashirin ne, a gaya masa an taɓa yin gashi da kuma wurin da aka yi.

Kariya mafi inganci da ake da ita a yau tana hannun masu saita na'ura. Suna tsara hasken da kwamfuta don ya kauce wa zuciya, kuma a wasu cibiyoyi akan umarci mai gashin maman hagu ta ja dogon numfashi ta riƙe, huhu ya cika ya ture zuciya daga hanyar hasken. Sannan ƙarin da aka kai asibiti da wuri ya fi sauƙin magani. Yawancin masu sankarar mama a Nijeriya sai cutar ta yi nisa suke isa asibiti, sau da yawa bayan an ɓata watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe.

Ga Malamai da Ɗalibai

Ana iya ganin wasu daga cikin waɗannan abubuwa a aji ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A jiƙa zoɓo, a tace, a zuba a kofi uku. A ɗiga lemon tsami a na farko, ruwan kanwa a na biyu, a bar na uku yadda yake. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Antosayanin ne ke sauya kama, kuma ɗalibai za su gane cewa sinadarin da ke cikin kofi ba lallai ya zauna yadda yake ba idan ya shiga ciki da hanji. A yanka yalo gida biyu, a shafa wa ɓari guda lemon tsami, a ajiye su a iska. Wanda ba a shafa wa ba zai riga yin baƙi. Daga nan malami zai tambayi aji: me ya sa aka bar kofi guda da ɓari guda ba a taɓa su ba? Amsar wannan tambaya ita ce ginshiƙin kowane gwajin magani a duniya.

Kammalawa

Zoɓo da riɗin da ake nomawa a ƙasar Gumel suna ɗauke da sinadaran da ke kwantar da kumburin daɓen jijiya a faranti da jikin ɓera. Har yanzu babu ɗayansu da aka tabbatar a babban gwaji cewa yana kare jijiyoyin majiyyaci ba tare da ya kare ƙari ba. Tambayoyin a buɗe suke: wane sinadari, awo nawa, kafin gashi ko bayansa, ga wane irin majiyyaci? Ana buƙatar masu ilmin sinadarai da harhaɗa magunguna da kimiyyar haske da lissafin ƙididdiga domin amsa su, kuma ƙasar nan tana da ƙarancinsu. Jami'ar Tarayya da ke Dutse, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello, duk ƙofofi ne ga ɗalibin da ya riƙe darasin kimiyya da lissafi tun daga sakandare. Ɗan manomin da ya san zoɓo tun daga shuka har zuwa ɓara yana da abin da zai kawo wa wannan bincike, idan ya haɗa shi da ilmin awo da haƙurin gwaji.